Daskararren kayan lambu ko jakar sanyi bayan tiyata?

Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin tambaya wanne ya fi ga gwiwar da aka yi wa aiki.

Ledar daskararren fis (koren wake) tana lafewa a gwiwa da kyau, amma da zafin Damagaram nan da nan take narkewa, kuma wanda ya narke aka sake daskararwa bai ciyuwa. Ni dai jakar sanyi mai jel ta farmasi na fi so. Ki sayi biyu, ɗaya a gwiwa, ɗaya a firigo. In wuta ta ɗauke, dakakkiyar ƙanƙara a leda ma ta isa.

Ki naɗe jakar ko ledar da tsumma mai tsabta, ki ɗora a gwiwa minti 15 zuwa 20, kada ruwa ya taɓa ɗinkin. In fata ta yi fari ko ta dushe, ki cire.