Tallafin Koyon Sana'a a Saudiyya Ga Mai Igama

Hajiya, kin ce kina zaune a Makka da igama (takardar izinin zama ta baƙi), kin haura shekara 40, kuma kina tambaya ko sauyin da aka yi wa kuɗin horaswa zai ba ki damar koyon ɗinki kyauta.

Tun da aka ƙaddamar da shirin Ru'uya 2030 na sauya fasalin tattalin arzikin Saudiyya a shekarar 2016, gwamnati ta fi karkata kuɗinta ga horon da zai kai mutum ga aikin albashi, kuma asusun Hadaf da ke tallafa wa irin wannan horo na 'yan ƙasa ne. Mai igama galibi daga aljihunsa yake biya a makaranta mai zaman kanta, abin da a ganina ya fi takura wa iyaye mata.

Kafin ki ba da ko riyal ɗaya, ki nemi ganin lasisin makarantar daga hukumar TVTC mai kula da koyar da sana'o'i, domin wata maƙwabciyarmu wata shida ta yi tana taka keke a wani ɗaki, aka ba ta takardar da ba wanda ya karɓa. Sannan takardar shaida ba izinin aiki ba ce. Batun izinin aiki sai ki tuntuɓi ofishin ma'aikatar ƙwadago.