Motar kayana tana yoyon baƙin mai: in gyara, in ci gaba da ƙari, ko in sayar?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya ina rarraba wa masu shaguna da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta haura shekara 20. Wata huɗu ke nan tana yoyon baƙin mai ta ƙasa, duk inda na ajiye ta sai na tarar da tabo. Yanzu duk mako sai na ƙara lita ɗaya, alhali lita 4 injin ke ci. Makanikena ya ce kaskon man da ke ƙasan inji ya yi tsatsa, gaskit ɗinsa kuma, wato abin da ke toshe tsakaninsa da inji don kada mai ya fita, ya mutu, sai an canza duka biyun. Kuɗin da ya yanka mini ya kai ribata ta mako biyu, kuma motar za ta kwana a gareji. Wani abokina ya ce kada in zuba kuɗi a tsohuwar mota, in ci gaba da ƙara mai har in samu mai saye. Ina neman shawararka.

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ka gyara, kuma kada ka ja lokaci. Sai dai akwai abin da nake so ka tabbatar kafin ka miƙa kuɗi, zan zo kansa.

Bari mu fara da lissafin da abokinka bai yi maka ba. Lita ɗaya a mako, lita 52 ke nan a shekara. Injin da ke cin lita 4, ka cika shi sau 13 ke nan da man da bai yi maka aikin komai ba, ƙasa ce ta shanye. Abin da ya sa ba ka jin zafin wannan kuɗi shi ne kaɗan-kaɗan yake fita daga aljihu, ba ya shiga littafi. Kuɗin gyara kuwa a dunƙule yake zuwa, shi ya sa ya yi maka girma a ido. Ka ɗauki abin da makanike ya yanka, ka raba da kuɗin lita ɗaya. Abin da ya fito, shi ne adadin makonnin da gyaran zai mayar maka da kuɗinka, idan ma mun ɗauka yoyon zai tsaya yadda yake. To ba ya tsayawa. Tsatsa ci take yi, gaskit ɗin da ya bushe kuma ƙara tsagewa yake duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce.

Amma ni ba kuɗin man ne ya fi damuna ba, injin ne. Wannan kasko shi ne matattarar man inji gaba ɗaya. Famfon mai yana zuƙo shi daga can ƙasa ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi da ƙarfi zuwa metal-metal ɗin kiranshaf, wato ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, da sauran wuraren da ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Siririn man da ke shiga tsakaninsu shi ne ke hana su cin juna. A yawancin ƙananan injina, tsakanin layin sama da na ƙasa a jikin sandar gwada mai kusan lita ɗaya ce. Ma'ana, duk mako kana sauka daga layin sama har zuwa na ƙasa. Ranar da hidima ta sha kanka ka manta, ko yaronka ya ɗauki motar bai duba ba, ko ka yi lodi mai nauyi ka kama hanya mai nisa da hawa da gangara, ɗan man da ya rage zai karkata gefe, famfo ya zuƙi iska. Jar fitilar man nan ta gaban direba, a irin waɗannan tsofaffin motoci ba sanarwa take yi cewa mai ya yi ƙasa ba. Tana kamawa ne bayan ƙarfin man ya riga ya faɗi, kuma daga nan zuwa inji ya buga ba wani nisa.

Idan hakan ta faru, kuɗin janwe daban, kuɗin inji ko na buɗe shi daban, wanda ya ninka abin da kake gudu yau sau da yawa. Sannan ga wanda ba ya cikin takardar makanike: kwanakin da mota za ta yi a ajiye, da masu shagunan da za su jira ka kwana biyu, a na uku su kira wani. Mai shago ba zai bar kantarsa ba kaya saboda zumunci ba. Wannan motar ita ce ƙafar kasuwancinka, kuma abin da masu shaguna ke saye a wurinka ba kayan kaɗai ba ne, har da tabbacin cewa za ka zo ranar da ka ce.

Yanzu ga abin da na ce ka tabbatar. Baƙin mai ƙasa yake gangarawa, iskar hanya kuma tana kora shi baya, don haka ko daga ina ya fito, a jikin kaskon nan yake taruwa ya ɗiga. Shi ya sa ake yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yoyon na iya zama daga gaskit ɗin murfin saman inji, ko bakin filtar mai, ko ɗan makunnin da ke kunna fitilar mai, ko robar da ke tare mai a gaba ko bayan kiranshaf. Wani lokacin ma wanshar notin juye mai ce kawai ta gaji, abin da ba a bakin komai yake ba. Ba ina cewa makanikenka bai san aikinsa ba. Tsatsa a kaskon ƙarfe mai shekara 20 abu ne da ake gani sosai. Amma ka roƙe shi a wanke injin tas, sama da ƙasa, ya bushe, ka yi ɗan zagaye da motar, sannan ku leƙa tare da tocila. Inda sabon mai ya fara fitowa daga can sama, nan ne ciwon yake. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe ka ga daidai inda ya ɗiga. Idan robar bayan kiranshaf ce, aiki ne dabam, sai an sauke giya, kuma canza kasko sau goma ba zai tsayar da shi ba. Gara ka sani tun kafin a kwance noti ɗaya.

Ka kuma ce ya duba hanyar numfashin inji, wato ɗan bawul da tiyon da ke fitar da hayaƙin da ke taruwa a cikinsa. Idan suka toshe, matsin da ke ciki shi ke turo mai ta duk inda ya samu rauni, sai ka sa sabon gaskit yau, bayan ɗan lokaci ya fara jiƙa. Ƙaramin abu ne mai arha, amma ana yawan tsallake shi.

In an tabbatar kaskon ne, to kada ka karɓi farashi a dunƙule. Ka ce ya rarrabe maka: nawa kasko, nawa gaskit ko gam, nawa mai da filta, nawa kuɗin hannu. Sabon mai dole ne tunda sai an juye na ciki, don haka in lokacin juyenka ya kusa, ka haɗa su a rana ɗaya, ka cire wannan daga lissafin gyara, da ma kuɗi ne da za ka kashe. Kuɗin hannu kuwa ya danganta da ƙirar motar. Akwai wadda ana kwance notuna kasko zai sauko, akwai wadda sai an cire bututun salansa ko ƙarfen da ya gitta a ƙasa, ko ma a ɗan ɗaga injin. Idan taka irin ta biyun ce, kada ka ga kamar ya tsawwala. Tambayar wani gareji don ka kwatanta ba laifi ba ne, amma kada arha kaɗai ta ja ka.

Kasko na hannu mai lafiya ba shi da aibi, in dai ka duba shi da idonka: ba tsatsa mai zurfi, ba lotsawa, leɓensa a miƙe yake, zaren notin juye mai bai cinye ba. Lotsawar nan kada ka raina ta, don kaskon da ya lotsa ciki yana iya matse bakin bututun da ke zuƙo mai. Gaskit kuwa sabo fil, mai kyau, nan ba wurin tsimi ba ne, shi ne mafi arha a cikin kayan kuma shi ne in ya gaza sai an sake aikin tun daga farko. Liƙe ramin tsatsa da gam daga waje, ko zuba maganin tsayar da yoyo a cikin mai, ban ba ka shawara ba. Maganin nan roba yake kumburawa, ba ya toshe ƙarfen da ya huje, kuma inda tsatsa ta huda wuri ɗaya, kewayensa ma ya riga ya yi siriri.

Ranar aikin, in da hali ka tsaya a wurin. A kankare tsohon gaskit tas, a goge fuskokin biyu su bushe, ba ɗigon mai. A duba rariyar nan tunda ga ta a fili. Ka kuma leƙa cikin tsohon kaskon da kanka: idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli a ƙasansa, injin ya fara cin kansa, kuma wannan labari ne da ya kamata ka ji da wuri. Notunan kasko ƙanana ne, ba sa son ƙarfi. Ana ɗaure su ne a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa ɓangare zuwa ɓangare. Yaron gareji mai jin ƙarfi in ya danne su, sai ya murƙushe gaskit ko ya lanƙwasa leɓen kaskon, yoyo ya dawo. Idan injinka irin mai amfani da gam ne a madadin gaskit, siririn layi ake ja, don wanda ya yi yawa yana gutsurewa ciki ya toshe rariya, kuma sai an ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa ya kama kafin a zuba mai. Kwanan da motar za ta yi a gareji, in saboda wannan ne, ka bar ta ta kwana. Ka zaɓi ranar da kasuwarka ta fi sanyi, ka kai wa manyan abokan cinikinka kaya kafin nan, ka sanar da su, ka kuma yi magana da mai motar haya tun da wuri ko da buƙata za ta taso. Ku yi yarjejeniya da makanike a gaban shaida cewa in ya ɗiga daga wurin da ya taɓa cikin wata guda, zai sake aikin ba tare da kuɗin hannu ba.

Daga ina kuɗin zai fito? In za ka iya, kada ka taɓa uwar kuɗi, kuma kada ka ci bashi mai ruwa saboda aiki irin wannan. Ka cire daga riba, ko ka biya kuɗin kaya yanzu, na hannu ku raba shi biyu in makaniken naka ne na gida. Tambayarka ta nuna mini cewa motar ba ta da asusunta, kuma wannan ya fi yoyon muhimmanci a wurina. Ribar da kake lissafawa ba riba ba ce tsantsa, akwai haƙƙin motar a ciki da ba ka cirewa. Daga yau, duk fitar da ta yi ka ware mata wani abu ƙayyadadde, kamar kana biyan haya ga wani, ka ajiye shi inda hannunka ba ya saurin kaiwa. Ka buɗe mata shafi a littafi: mai, taya, birki, kwanakin da ta yi ba aiki. Bayan wata shida shafin nan zai gaya maka abin da kai kowane lodi yake ci maka a zahiri, kuma wataƙila ka ga ya kamata ka gyara farashin da kake ba masu shagunan da ke nesa.

Batun sayarwa, abokinka yana da gaskiya a wuri ɗaya: akwai lokacin da tsohuwar mota ke zama rami. Amma ba a yanke wannan hukunci da kasko da gaskit. Ana yanke shi da lafiyar inji da giya da ƙashin motar. Bayan gyara, ka riƙa duba sandar mai kowace safiya a wuri mai daidai, kafin ka tayar da inji, har mako biyu ko uku. Idan ƙasa a bushe take amma man yana raguwa, ga shuɗin hayaƙi a salansa, to injin yana shan mai, kuma sai mu zauna mu yi lissafin inji ko canjin mota. Idan man ya tsaya cak, ka riƙe abarka, don motar da ka san halinta ta fi wadda za ka sayo da ciwon da ba ka sani ba, ga cikon kuɗin da zai fito daga jarinka. Ko da ka yanke shawarar rabuwa da ita, gyaran bai zama asara ba. Mai saye ƙasa yake fara leƙawa, in ya ga mai yana ɗiga zai ɗauka mafi munin ciwo ne, ya zaftare fiye da abin da gyaran zai ci. Kuma ranar cinikin ka gaya masa aikin da aka yi da duk abin da ka sani ya rage, kada ka ɓoye masa komai.

Kafin ranar gyara ta zo, ka daina jiran ƙarshen mako. Ka duba man kullum, ka ajiye galan a cikin motar, ka rage tafiya mai nisa da lodi mai nauyi, ka kuma gaya wa duk wanda ke tuƙa ta cewa in jar fitilar nan ta kama, ya gangara gefe ya kashe inji nan take, ko da saura kaɗan ya isa.