Amsa ga malamar da ke son 'yan ajinta su yi 'yar sana'a don taimakon marayu

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Kin ce kina riƙe da aji biyar, kina son yaran su haɗa 'yar ƙaramar sana'a a cikin zangon karatu a taimaka wa marayu da ribar, amma abu biyu sun tsaya miki: hedimasta na ganin za a ci lokacin darasi, ke kuma kina tsoron iyaye su ce an mayar musu da 'ya'ya 'yan talla. Na daɗe ina yin irin wannan da 'yan aji biyar da shida a makarantar gwamnati, kuma shawarata ita ce ki yi. Sai dai ki shiga da niyyar cewa darasi za ki koyar, sana'ar hanya ce kawai. In kika sa tara kuɗi a gaba, ke za ki ƙare da yin aikin, yara su zama 'yan kallo.

Maganar hedimasta tana da sauƙi. Ki ɗauki tsarin darussan zangon ki je ofishinsa, ki nuna masa inda riba da asara suke a lissafi, inda awon ruwa da lita yake, da kashi cikin ɗari, da tsaftar abinci, da rubutun wasiƙa. Duk waɗannan dole ne ki koyar da su ko da sana'a ko babu. Abin da kike nema shi ne izinin koyar da su da kuɗi na gaske a hannun yara. Wanda ya ga haka a rubuce da wuya ya hana.

Tsoron iyaye shi ne wanda ya kamata ki ɗauka da nauyi, domin suna da gaskiya. Mun san abin da talla ta yi wa karatun 'ya'ya mata a garuruwanmu, mun san yarinyar da ke zuwa aji tana gyangyaɗi saboda ta kai dare a bakin tasha da faranti a ka. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana sa yaro talla a manyan tituna. Don haka ƙa'idata ta farko ba ta canzawa: ba a fita da kaya waje da katangar makaranta, ba a ba yaro kaya ya kai gida ya sayar. Ciniki a lokacin tara ne kawai, rana ɗaya a mako, a kan teburi a gindin bishiya, malami na tsaye a gefe. Kafin a fara ki nemi a kira taron iyaye da malamai, ki gayyato 'yan kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ki faɗa musu wannan da bakinki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai liman ko mai unguwa a cikin kwamitin ya ji bayanin tun farko, shi zai riƙa amsa miki ƙorafi a cikin unguwa.

Sai jari. Kada ki ce kowane yaro ya kawo kuɗi daga gida. Na ɗaya, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, kuma ƙorafi ɗaya in ya kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma cewa ana karɓar kuɗi a hannun yara, an rufe maganar ke nan. Na biyu, wanda ya fi damuna, yaron da bai kawo ba zai ji ba shi da baki a cikin abin, alhali sau da yawa shi ne marayan da ake cewa za a taimaka. Jarin ya fito daga ƙungiyar iyaye ko daga aljihun wani mai son alheri, kuma ya fito a matsayin rance. A Birtaniya akwai ƙungiyar Young Enterprise da ke da wani shiri na 'yan firamare inda ake ba yaro fam 5 ya juya na kimanin wata guda, sannan ya mayar da uwar kuɗin. Wannan mayarwar ita ce hikimar. Yaron da ya san sai ya biya bashi kafin ya taɓa riba yana auna sukari da hankali.

Mu zoɓo muka fi yi, saboda kayansa na kusa, kuma darasi ne tun daga tukunya. Yara su auna ruwa da lita, su ƙirga robobi nawa lita goma za ta cika, a tafasa ruwan su faɗi dalilin tafasawa, su wanke hannu da sabulu a gaban kowa, 'yan mata su ɗaure kai, mai mura ya koma wajen rubutu. Wuta da ruwan zafi aikin babba ne, ba na bari yaro ya matsa kusa. Wasu ajujuwan sun yi gyaɗa mai gishiri, wasu alawar madara, wani aji kuma ya shuka alayyafo da yakuwa a bayan aji da damina malamai suka riƙa saye. Lambun ya fi koyar da haƙuri, amma sai da shinge saboda awaki.

Inda nake so ki fi ba ƙarfi shi ne littafin lissafi. Littafin rubutu guda, a raba shafi gida biyu, abin da ya fita da abin da ya shigo, kowace naira da kwanan wata da sa hannun yara biyu. Duk ranar da aka yi ciniki, darasin lissafi na washegari daga wannan littafin zai fito, a kwafe shi a kan allo kowa ya yi aikin a littafinsa. Akwai ranar da wata ƙungiya ta tashi tana murna, sun sayar da zoɓonsu kaf, sun cire kuɗin zoɓo da sukari da citta, sun rubuta riba mai kauri a allo har sun ja layi biyu a ƙarƙashi. Sai wata yarinya daga bencin baya, wadda da ƙyar ake jin muryarta a aji, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina kuɗin gawayi? Ina na ƙanƙara da robobi?" Ajin ya yi tsit. Aka dawo aka cire, ribar ta koma 'yar kaɗan. Yarinyar nan tana taya mahaifiyarta sayar da awara da yamma, canji kuwa a ka take yin sa kafin na gama danna waya, amma a jarrabawar lissafi kullum tana ƙasa. Ranar ajin ya zaɓe ta ma'aji. Za ki samu irinta a ajinki, in sha Allahu ba ɗaya ba. Yaran da suka san ciniki a gida suna da lissafi a kansu, abin da ba su iya ba shi ne sauke shi a takarda, kuma wannan aikin ne ke haɗa musu biyun.

Ki bar su su sa farashi da kansu, ko da kin ga za su yi kuskure. In sun tsauwala, kaya zai kwana. In sun karya, za su ga an sayar duka amma jari bai dawo ba. A ce jarin naira 5,000 ne aka tashi da 4,200, to ga darasin asara ya zo da ƙafarsa, kuma ba za su manta da shi ba. Abin da ba na so shi ne wani uba mai hali ya zo ya saye kayan gaba ɗaya don ya faranta wa ɗansa, ko malami ya cika giɓin a ɓoye. Niyyar mai kyau ce, amma ta kashe karatun. Wanda ke son taimako ya ba da sadakarsa daban, a rubuta ta a shafi daban. Haka nan bashi: a rubuta a kwali a manna a jikin teburi cewa ba bashi, kuma ya hau kan malamai kafin kowa, don yaro ba zai iya bin malaminsa bashi ba. Ki tanadi ƙananan kuɗi na canji tun daren ranar, rashinsu na tsayar da ciniki. Kuɗi kuma kada ya kwana a hannun yaro, a ƙirga a gaban aji a damƙa a ofis a sa hannu.

Kan rabon ribar, yara su tattauna su zaɓa, ke ki tsare mutuncin wanda za a ba. Ajinmu ya taɓa yanke shawarar sayen takalma da littattafai ga marayun da ke cikin makarantar. Na amince, da sharaɗin ba za a kira sunan kowa a taron safe ba, ba hoto, ba tsayar da yaro a gaban 'yan uwansa yana riƙe da leda. Wata dattijuwa a cikin kwamitin makaranta ce ta kai kayan gida gida bayan magariba. Yaran sun so su gani da idonsu, na fahimce su, sai malamin addini ya karanta musu ayar Suratul Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, da hadisin mutumin da ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. In akwai yara Kirista a ajinki, wannan maganar ta hagu da dama tana nan a Matiyu sura 6, za su gane ta nan take. Abin da aka nuna wa aji shi ne rasit da jerin kayan da aka saya, aka manna a bango. In kuma kina son su ga amfanin da ido, ku zaɓi abin da ba na mutum ɗaya ba, kamar randar ruwan sha da moɗa, ko sabulu da bokitai ga asibitin sha-ka-tafi na unguwa.

Kada ya wuce mako huɗu zuwa shida, kuma a kammala kafin makon bita. Ki raba yaran ƙungiya ƙungiya, a riƙa juya aiki, kada maza su riƙe kuɗi mata su ƙare a wanke-wanke. A ƙarshe kowane yaro ya rubuta shafi guda kan abin da aka kashe, abin da aka samu, da abin da zai canza in an sake, ki ba shi maki a cikin aikin aji. In kin fara, ki turo mana hoton shafin farko na littafin lissafin, ban da sunayen yara, mu duba tare da sauran malamai. Allah ya sa albarka.