Me Ya Sa Kullum Sai Tsibiri?

Tambaya: Malam, na karanta wani ƙagaggen labarin kisan kai tsakanin attajirai baƙi a tsibiri. Me ya sa marubuta ke son irin wannan wuri? Daga wata ɗaliba a Jidda.

Amsa: Malama, tsibiri yana taƙaita waɗanda ake zargi, domin da zarar jirgin ruwa ya daina zuwa, babu mai fita kuma 'yan sanda ba za su iso ba, mai kisan yana cikin masu cin abinci tare ke nan. Ki dubi tsibirin Farasan na Saudiyya, wanda sai ta jirgin ruwa daga birnin Jizan ake isa, idan iska ta hana tashi. Attajirai kuwa, gado da bashi da tsohuwar gaba suna ba kowannensu dalili. Wayar salula ce ta dagula wa marubutan yau lissafi, shi ya sa sukan katse sabis tun babin farko.