Tsofaffin faya-fayan Pink Floyd: wanne ne na asali, wanne ya cancanci kuɗinka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kano, kuma na ɗan jima ina tara tsofaffin faya-fayan garmaho. Yanzu hankalina ya koma kan Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, musamman farkon tashinsu, lokacin da jagoransu na farko Syd Barrett yake cikinsu. Wani dillali a Turai ya tallata mini ƙaramin faifan "Arnold Layne" cikin kwali mai hoto, ya ce bugun 1967 ne. Ya haɗa da wani faifan gwaji da ya ce daga sitidiyo ya fito. Kuɗin da ya sa ba kaɗan ba ne. In saya? Kuma daga ina ya kamata mai tarawa ya fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka tura ko sisi tukuna. Abubuwa biyun da aka tallata maka su ne waɗanda 'yan jabu suka fi so a duk kayan wannan ƙungiya, kuma su ne suka fi wuyar tantancewa daga nesa.

Zamanin da kake nema gajere ne ƙwarai. Ƙungiyar ta kafu a Landan a 1965, da Syd Barrett, Roger Waters, Richard Wright da Nick Mason. Sun yi suna a kulob ɗin UFO daga ƙarshen 1966, inda suke doguwar kiɗa ana haska musu fitilu masu launi iri-iri, salon da ake kira saikedelik. Zuwa watan Afrilun 1968 an sanar da fitar Barrett, David Gilmour, wanda ya maye gurbinsa, ya riga ya shigo. A tsakanin nan, abin da ya fito kasuwa a Ingila ƙarƙashin jagorancin Barrett ƙananan faya-fayai uku ne da babban faifai ɗaya, sai ɗan abin da ya bari a babban faifai na biyu. Fili ƙarami ne, masu nema kuwa sun cika duniya, shi ya sa farashin ya hau, shi ya sa kuma maha'inta suka yi dandazo a wurin.

Kafin maganar saye, ka tambayi kanka: ji kake son yi, ko mallakar abin? Shekarun baya waɗannan biyun a haɗe suke. Wanda yake son jin "Vegetable Man" ko "Scream Thy Last Scream", waƙoƙi biyu da Barrett ya naɗa a 1967 aka ƙi fitarwa, dole ya bi ta hannun masu bugun bayan fage, ya sayi kwafin kwafin wani kaset mai hayaniya. Wannan ya ƙare a watan Nuwamban 2016, lokacin da ƙungiyar ta fitar da babban akwatin The Early Years 1965–1972. Kashi na farko ya ƙunshi waƙoƙin nan biyu, da wasan da suka yi a Sitokholm ta ƙasar Suwidin ranar 10 ga Satumban 1967, wanda kiɗan ya fito da ƙarfi amma muryar mawaƙin da ƙyar ake jin ta. A 2017 an rarraba akwatin ana sayar da kashi-kashi. Saboda haka in ji kake so, sayi kashin 1965–1967 ka huta. A ganina ma kowane mai tarawa da nan ya kamata ya fara, domin kunnen da ya san yadda ainihin naɗin yake ba a saurin yaudararsa.

Akwai wani abu da ya faru shekara guda kafin wannan akwati wanda yake nuna yadda ƙarancin kaya yake samuwa. A Nuwamban 2015 an fitar da naɗinsu na farko-farko, na wajajen 1965, waƙoƙi shida ciki har da "Lucy Leave", lokacin Bob Klose yana kaɗa musu jita, a kan ƙananan faya-fayai biyu, kwafi 1,050 kacal. Dalilin doka ne. A Turai, naɗin da ya shekara 50 ba a fitar da shi ba, haƙƙin mallakarsa yana faɗuwa, amma in an fitar kafin wa'adin ya cika sai kariyar ta zama shekara 70. An buga kaɗan ne don a riƙe haƙƙi. Yau wannan bugu yana tsada, alhali waƙoƙin shida duk suna cikin akwatin 2016.

To, mu zo kan "Arnold Layne". Ya fito a watan Maris na 1967 a ƙarƙashin tambarin Columbia na kamfanin EMI, lambarsa DB 8156. Joe Boyd ne ya jagoranci naɗin a sitidiyon Sound Techniques da ke unguwar Chelsea, kuma ya kai mataki na 20 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. Abin lura shi ne, wanda aka sayar a kantuna a Ingila ba shi da kwali mai hoto. Cikin 'yar takardar kamfani yake zuwa, takardar tsakiyarsa, wato wadda aka manna a tsakiyar faifan mai ɗauke da suna da lamba, baƙa ce. Kwali mai hoto na kwafin talla ne, wanda aka raba wa gidajen rediyo da 'yan jarida, mai koriyar takardar tsakiya da ƙaton harafin A. Haka aka yi wa "See Emily Play" mai lamba DB 8214 da ya fito a watan Yuni, da "Apples and Oranges" mai lamba DB 8310 na watan Nuwamba. Irin waɗannan kwafin talla kaɗan aka buga, in suka fito gwanjo da kwalinsu na asali maganar dubban fam ake yi. Idan hoton da dillalin ya turo maka ya nuna baƙar takardar tsakiya cikin kwali mai hoto, to an haɗa aure ne tsakanin faifai da kwalin da ba nasa ba. Wasu ƙasashen Turai sun buga nasu da kwalaye masu hoto, amma lambobinsu da rubutunsu daban ne, kuma mai gaskiya zai gaya maka ƙasar da aka buga. Ga kuma wani tarkon: akwatin 2016 ya zo da sabon bugun ƙananan faya-fayan nan cikin kwalaye da aka kwaikwayi na dā. Halal ne, kamfani ya yi su, amma ba na 1967 ba ne, kuma a hoton waya mai duhu ba kowa zai bambance ba.

Faifan gwajin kuwa ya fi ba ni tsoro. Irinsa ana kiransa asitet: farantin alminiyom ne da aka shafa wa wani irin fenti mai laushi, ana yanka sautin kai tsaye a kansa, ɗaya bayan ɗaya, don mawaƙa ko furodusa su tafi gida su saurara. Ba a yi shi don ya daɗe ba, kowace sakawa allura tana cin wani abu daga jikinsa. Matsalar ita ce har gobe akwai masu injin yanka, tsofaffin takardun tsakiya marasa rubutu suna yawo a kasuwa, tsohuwar tafireta kuma ba ta da wuyar samu. Babu lambar masana'anta da za ka duba. Abin da kawai yake tsayar da asitet shi ne salsalarsa: wa ya fara mallakarsa, me ya haɗa shi da ƙungiyar, ta hannun wa da wa ya bi, akwai takarda ko sanannen gidan gwanjo da ya taɓa sayar da shi? "Daga sitidiyo ya fito" ba salsala ba ce. In babu wannan, ka bar masa kayansa ko da ya karya farashin.

Inda nake ganin kuɗinka zai zauna daram shi ne babban faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, wanda ya fito a watan Agustan 1967, Norman Smith ya jagoranci naɗinsa a sitidiyon EMI da ke Abbey Road. Ya fito iri biyu: mono, wanda sautinsa a haɗe yake wuri guda, mai lamba SX 6157, da sitiriyo, wanda aka raba sautinsa tsakanin lasifikar hagu da ta dama, mai lamba SCX 6157. Na mono nake so ka nema. A wancan lokaci mono shi ne abin da yawancin matasan Ingila suke ji a gidajensu, kuma haɗin sautinsa daban ne, ya fi cika, ya fi nauyi. A na sitiriyo, ƙarshen "Interstellar Overdrive" sai sautin ya riƙa tsalle daga lasifikar hagu zuwa ta dama. Wasu suna son hakan, ni dai ina ganin wasa ne da ya raba hankalin mai sauraro da kiɗan. An daina buga na mono ba da jimawa ba bayan fitowarsa, saboda haka ya fi ƙaranci, amma ba irin ƙarancin da zai sa ka jingina gida ba, kuma yana da alamomin da za a iya bi a tabbatar.

Ga yadda ake dubawa. Takardar tsakiya ta bugun farko baƙa ce, sunan Columbia da shuɗi, sauran rubutu ruwan azurfa, da wani ɗan rubutu da ya fara da "Sold in U.K.". Daga 1969 kamfanin ya sauya zuwa baƙi da azurfa da tambarin EMI cikin akwati, to wannan bugun baya ne. Bayan kwalin akwai leɓuna da aka naɗo daga gaba aka manne. Amma ainihin shaidar tana wurin da mutane ba sa kallo: santsin filin nan da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Ka karkata faifan a gaban fitila a hankali, za ka ga ƙananan haruffa da lambobi da inji ya buga a jikin robar. Na mono suna farawa da XAX, na sitiriyo da YAX. Ka riƙe faifan yadda wannan lamba za ta zo ƙasa, kamar ƙarfe 6 a fuskar agogo. Wajen ƙarfe 9 akwai lamba guda, ta uwar farantin da aka ciro na bugu daga gare ta. Wajen ƙarfe 3 akwai harafi ɗaya ko biyu ko uku, daga wani tsarin sirri na EMI, GRAMOPHLTD, inda G ke nufin 1, R ke nufin 2, A ke nufin 3, har zuwa D da ke nufin sifili. Faifai mai G kaɗai daga farantin farko ya fito, mai GR daga na 12. Kusa da ramin tsakiya kuma sau da yawa za ka ji haruffan KT sun ɗan taso a ƙarƙashin yatsa, alamar harajin saye ta wancan zamani. Mai buga jabu yana iya kwaikwayon kwali da takarda tsaf, amma lambobinsa galibi da hannu ake karce su, ko su fito a dusashe. Duk dillalin da ka nemi ya ɗauko maka hoton wannan wuri ta fuska biyu ya fara kame-kame, ya riga ya ba ka amsa.

Kada ka rikita shi da bugun Amurka na tambarin Tower, wanda aka cire wasu waƙoƙi aka sa "See Emily Play". Shi ma yana da masoyansa, amma wani abu ne daban. An kuma sake buga na mono a hukumance a 2018, mai kyau ne don sauraro na yau da kullum, yana kare maka tsohon daga lalacewa.

Lafiyar faifai ita ce rabin farashinsa. Masu sayarwa suna amfani da ma'auni: NM ga wanda ya kusa sabo, VG+ ga mai ƙananan alamun amfani, VG ga wanda za ka ji ƙaraf-ƙaraf a wuraren da kiɗa ya lafa. Tsakanin NM da VG farashi yana iya ninkawa fiye da sau biyu. Matasa ne suka sayi faya-fayan nan a 1967, suka yi ta sakawa a wuraren biki da allurai masu nauyi, don haka mai tsabta sosai abin a bincika ne. Nemi a naɗo maka sautin ainihin faifan, musamman farkonsa da waƙar ƙarshe ta kowace fuska, inda lalacewa ta fi bayyana. Ka duba shafin intanet na Discogs don kwatanta hotuna da lambobi, ka duba shafin Popsike don ganin nawa aka sayar da irinsa a gwanjo, domin abin da mutum ya sa wa kayansa daban, abin da aka biya daban. Ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗi.

Akwai wata dama da kake da ita wadda mai tarawa a Landan ba shi da ita. A wancan zamani EMI tana da reshe a Legas, kuma faya-fayan rok da ta fitar wa ƙungiyoyin Najeriya irin su Ofege da Blo a 1973 yanzu Turawa suna nemansu ruwa a jallo. In kana da irinsu masu lafiya, musaya tana iya kai ka inda naira ba za ta kai ka ba.

In kayan zai taso, ka ce a fitar da faifan daga kwalinsa a jera su gefe da gefe cikin kwali mai tauri, don kada gefen faifan ya tsaga kwalin a hanya. In da hali, wani amintacce ya riƙo maka a jakar hannu ya fi a bar shi yana kwana a rumbun kaya. Zafin Maris da Afrilu a Kano yana lanƙwasa faifai cikin yini guda in aka bar shi a mota ko kusa da rufin kwano, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. A tsaye ake ajiye su, ba a kwance a jibge ba, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Lokacin hunturu bushewar iska tana sa ƙura ta manne wa robar, sai ka share da burushi mai laushi kafin kowace sakawa, ka sauya tsohuwar takardar ciki da sabuwa mai santsi amma ka adana tsohuwar, domin tana cikin darajar kayan. Kuma ko da wasa kada ka ɗora shi a kan tsohon garmaho mai wani da allurar ƙarfe. Wancan na faya-fayai masu juyawa sau 78 a minti ne. Naka ƙananan 45 suke gudu, babban 33 da sulusi, kuma allurar ƙarfe za ta huɗe layukansa tun a sakawar farko.