Filin Tambaya da Amsa: Wai SQLite na gwaji ne kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon haɗa shafukan intanet da wata manhaja mai suna Django. Islamiyyar unguwarmu ta ba ni aikin shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon yaransu. Ɗalibai kusan 400 ne, malamai 12 ke shigar da maki. Na yi aikin da SQLite wajen adana bayanai kuma yana tafiya lafiya a kwamfutata, amma abokina ya ce wannan na gwaji ne, in ban koma MySQL ba shafin zai durƙushe ranar fitar da sakamako. Gaskiya ne?
Wani mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe min da abokin naka, amma ka bar aikinka yadda yake.

MySQL da PostgreSQL su ma manhajojin adana bayanai ne, amma kamar sito ne mai magatakarda a bakin ƙofa. Manhajarka ba ta shiga da kanta, sai dai ta aika, shi ya ɗauko mata. Shi ma magatakardan sai an kunna shi, an ba shi kalmar sirri, ana lura da lafiyarsa. SQLite kuwa rumbun tsakar gida ne. Yana zaune a cikin manhajarka, bayanan duka suna cikin fayil guda, wanda Django ke kira db.sqlite3. D. Richard Hipp ne ya rubuta shi a shekarar 2000, yana cikin wani aikin manhaja na jiragen ruwan yaƙin Amurka. Yau yana cikin wayoyin Android da iPhone, yana cikin Chrome da Firefox. Abin da abokinka ke rainawa, da shi yake kwana a aljihu.

Masu kula da shi sun rubuta cewa shafin da ake buɗewa ƙasa da sau 100,000 a rana bai kamata ya sha wahala da shi ba. Ko duk iyayen nan sun shiga bayan la'asar lokaci guda, ba su kama ƙafar wannan adadi ba.

Inda abokinka ya taɓa gaskiya shi ne wajen rubutu. Littafin bashi ne mai biro ɗaya: kowa na iya leƙawa, amma mutum ɗaya ke rubutu, saura su jira. Sai dai shigar da makin yaro ɗaya bai kai ƙiftawar ido ba, layin malamai 12 ba layi ba ne. Ka kunna tsarin WAL, wanda aka ƙara masa a 2010, don masu dubawa su daina jiran mai rubutu. Sannan ka ɗaga lokacin jira daga daƙiƙa 5 zuwa 20 a saitin Django, saƙon nan na "database is locked" zai yi wuyar leƙo ka.

Ni abin da nake tsoro maka daban ne, don ya taɓa ci na. Na taɓa yi wa wata ƙungiyar mata masu ɗinki shafin lissafin adashi, na ɗora shi a wani kamfani mai ba shafukan intanet masauki kyauta. Sati uku komai lafiya. Wata rana na ga na rubuta "zubi" ba daidai ba, na gyara harafi ɗaya na sake ɗorawa. Da magariba shugabarsu ta kira ni: "Malam, shafin nan ya ce babu wadda ta zuba ko sisi." Ashe irin wannan masaukin, duk lokacin da ka sake ɗora manhaja share faifan yake yi ya fara daga fari, rumbuna ya bi ruwa. Allah ya taimake ni Hajiyar ba ta yarda da kwamfuta ba tun farko, tana nan da littafinta mai bangon shuɗi. Dare biyu muka yi a tsakar gidanta, tana karantowa ina bugawa, tana kallona ta saman tabarau.

Saboda haka kafin ka biya kowa kuɗin masauki, ka tambaye shi ko fayil ɗinka zai tsira in an sake kunna sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Kuma kada ka ajiye shi a jakar da hotuna suke, inda duk mai adireshin zai sauke shi. Sunayen 'ya'yan mutane ne a ciki.

Wajen ajiye kwafi, kada ka kwafe fayil ɗin kai tsaye ana cikin aiki. In WAL na kunne, sabbin makin na iya kasancewa a wani fayil na gefe mai ƙarewa da -wal, sai ka kwashi rumbu ka bar hatsin jiya a waje. Yi amfani da umarnin .backup na SQLite kowane dare, ka tura kwafin wani wuri dabam, ko ka sa wata manhaja mai suna Litestream ta riƙa yi maka a kai a kai. Ka gwada dawo da kwafi ɗaya a kwamfutarka tun kafin jarrabawa.

In makarantar ta bunƙasa har sabar ɗaya ta yi muku kaɗan, to nan SQLite ya tsaya, don ba a yi shi don sabar biyu su riƙa rubutu a fayil ɗaya ba. Ranar sai ka sake rubuto min mu yi maganar PostgreSQL.