Inda za ka kai iyali da motar kwana daga kudancin Jamus

Ɗan'uwa, ka ce ka yi hayar motar da ake kwana a cikinta, kana neman wuraren da suka cancanci ziyara a ƙasashen da ke maƙwabtaka da Jamus.

Shawarata ita ce ka fara da tafkin Konstans, domin Jamus da Ostiriya da Suwizalan duk sun haɗu a bakinsa, kuma sansanonin kwana suna da yawa a kewayensa. Daga nan gangarar ruwan kogin Rhine da ke kusa da garin Schaffhausen na Suwizalan ba ta da nisa, kuma a ganina yara za su fi jin daɗinta. Yankin Mullerthal na Luksambag ma yana da duwatsu da hanyoyin tafiya a ƙafa, ga shi bas da jirgin ƙasa kyauta ne a ƙasar tun 2020.

Kada ka hau babbar hanya a Ostiriya ko Suwizalan ba tare da takardar kuɗin hanya ba, kuma kada ka kwana inda ba a ware ba, domin ana cin tara. Lasisin tuƙi na rukunin B, wato na ƙananan motoci, iyakarsa mota mai nauyin kilo 3,500 ce, saboda haka ka tambayi masu hayar nauyin motar, ka kuma tabbatar inshorarsu tana aiki a ƙetaren iyaka.